Manu da Injin Walda

Manu maƙwabcina ne a Matameye, katanga ɗaya ta raba mu. Tun yana saurayi yake cin rani a Kano, can ya koyi walda, har ya zama na hannun daman mai garejin da yake wa aiki.

Da ciwon zuciya ya kama shi, ƙafafunsa suka kumbura, ba ya iya barci sai a zaune. Daga ɗakina nakan ji numfashinsa. Maigidan nasa mutumin kirki ne, shi ya kai shi Masar.

Ya dawo da wani ɗan ƙarfe a ƙarƙashin fatar ƙirji. Ya ce mini likita ya kwatanta masa da shanun huɗa: ɓangarori biyu na zuciyarsa ba sa ja tare, ɗaya yana gaba, ɗaya yana baya, jini ya kasa tafiya. Ƙarfen nan, da wayoyinsa uku, shi ke sa su taka tare. Sharaɗi ɗaya aka kafa masa: kada ya ƙara kusantar injin walda, domin wutarsa tana ruɗa abin.

Kumburi ya saɓe. Manu ya koma zuwa masallacin Juma'a da ƙafarsa, ya riƙe gonar mahaifinsa. Nasa injin kuwa ya rufe shi da buhu a zaure. Taubashinsa Haruna, mai amalanken ruwa, yakan tsokane shi: "Mai rediyo a ƙirji, yau me aka ce a Yamai?"

"An ce ka yi wanka," in ji Manu.

Sai shekarar da damina ta ɗauke hatsi bai yi ido ba. Da rani sojoji suka karɓi mulki, muka ji a rediyon gaske. Rumbuna dai ba su ji ba. A gidan Manu aka fara jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci. Kukan ƙaramar 'yarsa ya daina tsallako katanga. Ban ji daɗin shirun ba.

Rijiyoyin kusa sun ja baya, amalanke ya zama shi ne rai. Na Haruna ya karye a gindi. Ya shigo zauren bai yi wasa ba, ya ce yana da sauran gero da zai biya gyara da shi.

Matar Manu, A'ishatu, ta tsaya a bakin ƙofa. "Malam, ka manta abin da likita ya ce?"

"Likita ya ci abinci kafin ya faɗa," ya ce da ita, ya yaye buhun.

Ni ma na yi magana, amma ba da ƙarfi ba. Ba ni da mudu ko ɗaya da zan ɗora a kan maganar.

Bayan na Haruna, wasu suka kawo nasu daga ƙauyukan Kurni da Yauri. Yana aiki yana karkatar da kafaɗar hagu nesa da wayar injin. Wani lokaci sai ya ajiye, ya dafa bango, ya jira jiri ya wuce. Takalminsa ya fara matse shi kuma. Yarinyar ta koma yin kuka da ƙarfi.

Wani hantsi ƙarar injin ta tsaya ba a lokacinta ba. Mun same shi a zaune, ya jingina da ƙafar amalanke.

Ban ce injin ne ba; kowa da ranarsa. Yarinyar tana makaranta yanzu. Amalanken Haruna ya sake karyewa sau da yawa, amma ba a inda Manu ya liƙe ba.