Saman gidan Dadda Bihi

Shekara talatin da ɗaya Ijja ta yi tana yanke kawunan kifi a kamfanin kifin gwangwani, har ƙarni ya zauna mata a tafin hannu, sabulu ya yi iya yinsa ya haƙura. Mijinta masunci ne, teku ta tafi da shi tun 'yarsu ɗaya tilo tana goye. 'Yar ta girma ta yi aure a Kasablanka. Ita kuwa Ijja a haya ta ƙare ƙuruciyarta a nan Awrir, garinmu na bakin teku, daga wannan ɗaki zuwa wancan, tana jan katifa da tukunyar gas.

Abu ɗaya ta taɓa saya a duniya, saman gidan Dadda Bihi mai gonar ayaba. A wurinmu wannan ba baƙon ciniki ba ne. Wanda ba shi da ƙarfin fili sai ya sayi sararin da ke kan rufin wani, ranar da ya samu hali ya ɗora ɗakinsa. Bihi dattijo ne mai magana ɗaya. Aka kira adulai biyu, masu rubuta shaidar ciniki, suka rubuta, aka sha shayi aka shafa fatiha. Ijja ta sayar da awarwaron azurfa na mahaifiyarta ta cika kuɗin, ta naɗe takardar a leda ta tura ƙasan akwati.

Daga nan ta shiga gini irin na talaka. Bana ginshiƙi biyu, baɗi biyu, wata shekarar ko buhun siminti babu. Matakalar da ta hau ta gefen gidan shekara huɗu ta ci. Ranar Juma'a takan hau ta zauna a kan simintin tana kallon teku, tana nuna wa maƙwabta inda gado zai zauna da inda za ta fasa taga. Haka ta yi shekara goma sha tara, ba wanda ya taɓa ce mata sauka.

Sai garin ya haukace. Tsofaffin Turawa 'yan fansho, waɗanda da can sukan zo su yi wata biyu a motocinsu su koma, suka gano cewa rana ba ta ɓuya a nan ko a watan Janairu, gwiwoyinsu kuma sun daina ciwo. Suka fara sayen gidaje. Kafin ka ce me, mai aski ya zama dillali, mai gadin motoci ya zama dillali, har wanda ba ya iya sayar da tumatir ya rataya makullai a ƙugu. Masu gidaje suka riƙa korar malaman makaranta da ma'aikatan asibiti kamar masu korar kaji, don a yi fenti a saka hoto a waya ana yi wa baƙi talla. Abin da baƙin ke fara tambaya kuwa ba ɗaki ba ne, ba kicin ba, rufi ne: ana hango teku daga sama?

Ana cikin haka Bihi ya rasu. Ɗansa Tayeb, wanda Ijja ta sha goyawa, ya dawo daga birnin Agadir da tabarau da sabuwar mota. Ya san Bature ba ya sayen gida sai da rajistar gwamnati, don haka ko arba'in ba a yi ba ya kai gidan rajista da sunansa, tun daga ƙasa har sama. Masu awon fili suka zo suka yi alama da jan fenti. Ijja ce ma ta dafa musu shayi.

Wata maƙwabciya ta ja ta gefe ta ce an ba da wa'adi, duk mai haƙƙi a gidan ya kai takardarsa kafin a rufe. Ijja ta kalle ta kamar ta zage ta.

"In ɗauki takarda in kai ƙarar gidan da ake zaman makoki? In ce wa duniya ɗan Bihi ɓarawo ne? Yaron da ya yi mini fitsari a baya?"

Kuskurenta ke nan, kuma duk wanda ya tashi a unguwar nan zai iya yin irinsa. Kunya ta ji. Wa'adi ya zo ya wuce.

Da ta ajiye aiki aka ba ta 'yan kuɗin sallama, ta sa aka kawo bulo mota guda. Ita da masu motar suka iso suka tarar da ƙofar ƙarfe sabuwa fil a gindin matakalar, da kwaɗo. A sama wata farar tsohuwa, Madam Odil, wadda Tayeb ya sayar wa gidan, tana ba furanni ruwa.

Ijja ta sami Tayeb a shagon shayi tare da dillalinsa. Bai ko miƙe ba.

"Inna Ijja, zauna mana a kawo miki shayi."

"Ban zo shan shayi ba. Wa ya sa ƙofa a matakalata?"

"Haba Inna, zamani ya canza. Waccan takardar ta mutanen da ce. Abin da kika ba Baba zan mayar miki, ko dirhami ɗaya ba zai yi ciwon kai ba."

"Abin da na ba ubanka yau ko kwaɗon da ka sa ba zai saya ba. Da ka ce a auna gidan, ka manta ina raye ne, ko ka tuna shi ya sa ka yi sauri?"

Dillalin ya sa baki wai a yi haƙuri, akwai filaye masu sauƙi can bayan dutse. Ta ce ya kai uwarsa ta zauna a can, inda mota ke zuwa sau ɗaya a yini. Shagon ya yi tsit, amma a cikin mazan da suka san cinikin tun ranar da aka ƙulla shi, ba wanda ya ɗaga kai daga kofinsa. Rabinsu suna da gidan da suke jiran Bature ya taya. Wannan shirun ya fi yi mata ciwo, kuma ya cancanci a tsine masa.

Lauya ya duba takardar ya ce sahihiya ce, ba ta da aibi, sai dai rajista ta riga ta fita, abin da ba a rubuta a cikinta ba ya mutu. Tana iya bin Tayeb kotu ya biya ta diyya, in tana da shekarun jira, amma rufin ya tafi. A makon nan mai gidan da take haya ya aiko cewa ta nemi wuri kafin ƙarshen wata, zai gyara ɗakin don baƙi.

Ita Madam Odil ba ta san komai ba. Ta biya kuɗinta, an ba ta takarda mai hatimi, mace ce mai fara'a da ke gaida kowa da gurguwar Larabcinta. Ta ce a samo mata mai shara, mai kantin unguwa kuma, ko don tausayi ko don rashin tunani, ya ambaci Ijja. Ijja ta je, don kwanon abinci ba ya jiran hukuncin kotu.

Ranar farko Odil ta miƙa mata tsintsiya da makullin ƙofar ƙarfen, ta nuna sama. Ijja ta hau. An shimfiɗa tayil, an kafa rumfar kara, ga kujerun shan rana biyu. Ta fara shara. Odil ta biyo ta da ruwan sanyi, tana son hira, ta haɗo kalmominta da ƙyar ta tambaye ta ina gidanta.

Ijja ta buga gindin tsintsiyar a ƙasa. "Nan."

Odil ta yi dariya mai daɗi, ta dafa ƙirjinta. "A'a, nan gidana. Ke, ina?"

Ijja ta ci gaba da shararta. Ta tattara ƙurar ta kwashe tas, ta sauko ta jingine tsintsiyar a bango. Odil ta miƙo hannu don karɓar makulli. Ijja ta dube ta ido cikin ido, ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta fita.