Yashi a Rumbun Nomau

Nomau maginin rumbu ne. Wanda ya bi hanyar Yako zuwa Tudun Wada ya ga rumbuna masu faɗin ciki da siririn wuya, zaune daram a kan duwatsu, to ya ga aikinsa. Ni akawun awon gyaɗa ne. Shi ya gina mini nawa rumbun, kuma majami'armu ɗaya. Wani sashe na labarin nan da idona na gani, saura kuma matarsa Tasalla ce ta ba ni daga baya. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce in rubuta.

An haife shi a wata unguwar Maguzawa da ake kira Gidan Ranau. Ranau ɗin yayansa ne, shi ne mai gandu. A shekarar 1952 wani mai bishara, Malam Audu, ya sauka kusa da su ya kafa rumfar sujada, Nomau kuwa yana cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya. Da lokacin shuka ya zo, sai ya ƙi riƙe akuyar da za a yanka wa iskokin gona. Ranau bai ɗaga murya ba. Raba gandu ya yi, ya yanka wa ƙanensa wata gona a bakin faƙo wadda ƙuduji, ciyawar nan mai kashe dawa, ya riga ya kama.

"Je ka," in ji shi, "sabon Ubangijin naka ya ciyar da kai. Ni dai zan riƙa zuwa ina ƙwanƙwasa rumbunka."

A wurinsu ba a leƙa rumbun wani, amma mai wucewa yana iya bugun cikinsa da bayan yatsa. Cikakken rumbu ba ya amsawa. Wanda ya ƙare kuwa ƙara yake yi kamar tulun da ba ruwa.

Shekarar farko an samu na ci. A ta 1954 ƙuduji ya shanye dawar tun ba ta fid da kai ba, danginsa kuma suka daina kiransa gini. Kafin bazara ta raba, rumbun ya ƙare.

Abin da ya yi, Tasalla ce ta faɗa mini. Ran kasuwar Yako, da unguwa ta watse, ya ɗauki kwando ya shiga jidar yashi daga rafi. Ba mai tambayar magini don ya ɗauko yashi. Ya gauraya shi da ƙaiƙayi don kada nauyi ya fasa gindin rumbun, ya zuba har wuya, ya shimfiɗa 'yan zangarniyoyin da suka rage a sama, ya mai da jinka.

"Maigida, yashin za mu ci?" in ji Tasalla.

"Ba don cikinmu na yi ba. In Yaya ya ji rumbun nan yana amsawa, ba ni zai yi wa dariya ba, sunan Yesu zai yi wa."

"To a gaya wa Malam mana."

"Ni? Ni da na fi kowa kai dami ranar godiya? Kada in ji maganar nan a bakinki."

Ba a jima ba Ranau ya biyo ta wurin, ya buga rumbun, ya sake bugawa ta ƙasa, bai ji ya amsa ba, ya wuce abinsa. Daɗin wannan ya ɗebi Nomau. Ran Lahadi ya miƙe a majami'a ya ba da shaida, ya ce Ubangiji ya cika masa rumbu, ya rufe bakin masu jiran faɗuwarsa. Muka amsa da amin, har aka tada waƙa.

A gida kuwa ɗan hatsin gayaunar Tasalla, 'yar gonarta ta kanta, suke ci. Da ya ƙare suka koma tafasa da rama, ana barbaɗa dusa.

Daminar 1955 kurkunu ya fito masa a ƙafa duka biyu, daidai lokacin da dawa take neman maimai, wato noma na biyu. Ya kwanta. Tasalla ita kaɗai ba ta iya da gonar, ciyawa ta fara rufe shuka. Kowa ya san in aka ƙara mako biyu a haka, bana ma ba abin da za a girba.

Malam Audu ya zo dubiya, ya ce za a yi masa gayya ran Asabar. Al'adar gayya ba ɓoyayya ba ce: mutane su kawo ƙarfinsu, mai gona ya ciyar da su har su ture ƙwarya.

"Malam, a ɗan dakata," in ji Nomau. "Ƙafar ta kusa sakina."

"Ciyawa ba ta san dakatawa ba. Kai da rumbunka yake cike, me ya dame ka? Mata za su zo ran Jumma'a su sussuka su daka. Kai dai naka kwanciya."

Tasalla ta ce ta tsaya tana dubansa ko zai buɗe baki. Sai ya juya fuskarsa bango.

Daga nan ina wurin, domin da damina ba awon gyaɗa. Ran Jumma'a da hantsi Malam Audu da matan ikilisiya suka iso, matan ɗauke da turame da taɓare. Barakatu, babbarsu, tana gaba da kwando. Tun da mace ba ta hawa rumbun maigida, aka ce Ɗanjuma ya hau. Shi taubashin Nomau ne, bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙa ɗakin da majinyacin yake kwance.

"Kai bawana, ba ka tashi ka gai da ubangidanka? Kurkunu ma ya san inda rago yake. Yau sai na ga abin da kake ɓoye mana, marowaci!"

Nomau bai rama ba, shi da ba a kayar da shi a wasa. A bayan danga kuwa, a gindin ɗorawa, Ranau ne zaune da mutanensa. Sun zo su ga yadda ake shirin gayyar da ba giya.

Ɗanjuma ya jingina tsani, ya ture jinka, ya fara miƙo zangarniya yana waƙa. Ko gindin kwandon ba a rufe ba sai waƙar ta tsaya.

"Miƙo mana, rana tana yi!" in ji Barakatu.

Ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro, ya tsaya yana kallon tafinsa. Ya so ya rufe, na ga alama, don ƙasa-ƙasa ya ce, "Malam, ɗan matso." Amma yashin ya riga ya zubo ta tsakanin yatsunsa, ya sauka cikin kwandon Barakatu, kowa yana gani.

Dariyar Ranau muka fara ji.

"Ashe abin da ake ci a sabuwar hanyar ke nan! Nomau, da ka faɗa, ai rafi na kowa ne, da mun taya ka jida."

Nomau ya jawo jiki da hannu har bakin ƙofa. Bai ɗaga kai ba.

"Ni na zuba," in ji shi. "Ba ruwan Tasalla."

Ban taɓa ganin ran Malam Audu ya ɓaci kamar ran nan ba. Ya tsuguna a gaban Nomau.

"Yunwa ba zunubi ba ce, Nomau. Amma ka tsaya a ɗakin Allah ka sa mun ce amin a kan yashi."

Barakatu kuwa kan Tasalla ta juya. "Ke kuma, tabarma ɗaya muke zama kowace Lahadi. Ba ki da baki ne? Dubi wuyanki!" Tana faɗa tana share hawaye da bakin zane. Sa'an nan ta zazzage kwandon, ta ce wa matan a bar turame a nan, kowa ta je gida ta dawo.

Lokacin tsakiyar damina ne, ba gidan da yake da rara. Duk da haka kafin la'asar suka dawo, wannan da ƙwaryar dawa, wannan da ɗan gero, wata da kuka da daddawa kawai. Nomau ya roƙi a bari. Ya ce gayyar da 'yan gayya suka ciyar da kansu ba a taɓa jin ta ba, gara gonar ta mutu.

"Gonar ba cikinka kaɗai take ciyarwa ba," in ji Malam Audu. "Kunyarka kuwa ka riga ka sha ta, ba sauran abin da za ka tsare."

Ran Asabar muka shiga gonar. Mutanen unguwa suka jeru a bakin hanya suna nuna mu, suna cewa ga masu gayya da guzuri. Muka yi maimai har muka fita ƙarshen faƙon. Da aka sauke tuwo, aka kai wa Nomau nasa, ya ƙi taɓawa. Ɗanjuma ya zauna kusa da shi, ya gutsura, ya tauna a hankali.

"Ci, bawana. Na duba, an tankaɗe, ba yashi."

Nomau ya sa hannu. Yana ci hawaye yana zuba a cikin miyar, ba wanda ya ce masa ya daina.

Kashegari aka ɗora shi a jaki zuwa majami'a, bisa ga roƙonsa. Mutum biyu suka riƙe shi ya tsaya a inda ya ba da shaidar nan.

"Abin da na faɗa muku a nan ƙarya ne," in ji shi. "Na ɗauka ni zan rufa wa Ubangiji asiri. Ku gafarta mini."

Malam Audu ya yi addu'a, ba a tada waƙa ba. Daga ranar har sabon gero ya nuna, gidajen masu bi suka riƙa kai musu abinci bi da bi. Tasalla ce mai karɓa, shi ba ya iya fitowa.

Da kaka dawar ta yi abin da ta iya. Da kansa ya kwashe yashin, kwando kwando, da rana tsaka, ya mai da shi rafi. Abin da ya girba bai wuce rabin rumbun ba.

Yau shekara uku ke nan. Ƙafa ta warke, aikin gini ya dawo, amma sunan Mai Yashi ya bi shi har kasuwar Yako, kuma ranar godiya can baya yake ajiye daminsa. Ranau bai daina zuwa ba. Bazarar da ta wuce ya buga rumbun, rumbun ya amsa. Nomau ya ɗaga murya daga tsakar gida ya ce, "Ka ji daidai, Yaya, saura kaɗan." Da azahar Nomau ya tafi ya gaya wa Malam Audu cewa hatsinsa ya kusa ƙarewa. Tasalla ta ce da ya dawo ɗaki ya shige, bai sake fitowa ba ran nan.