Kyalla a Bayan Labule

Ranar wata Alhamis, gab da faɗuwar damina, ina aji biyar a firamarenmu ta Sandamu, na tsuguna a bayan labulen da muka haɗa da zannuwan iyayenmu ina tura wa Kyalla harawa a baki don kada ta yi kuka kafin lokacin fitarta. Kyalla akuyata ce, kakata ta ba ni ita tun tana shan nono. Wasan kwaikwayon da za mu nuna wa iyaye na shari'ar akuyar da ta yi ɓarna a gona ne, Malam Habu kuwa ya hana ni ko matsayin mai shaida saboda rawar kaina. "Ke ba ki da gindin zama," in ji shi, "ki riƙe mana dabbar kawai."

Ashe a gida Baba ya riga ya yanke shawarar kai ta kasuwar Mai'adua ya sayo taki. Da na ce makaranta na buƙatarta, ya ce a bari sai an gama wasan. Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Yara na ƙorafin gwaji ya yi tsawo, ni kuwa ina roƙon Allah Sani, wanda zai fito a alƙali, ya ci gaba da manta maganarsa. Da aka sa rana, sai na sake dabara: in Kyalla ta burge mutane, ai Baba zai ji kunyar sayar da ita. Na dinga wanke ta da sabulun wankin Inna, ina zarya tsakanin bakin turmi da turke da kwanon dusa, har gashinta ya koma yana sheƙi.

Da lokaci ya yi na tura ta fili. Ba ta zarce ko'ina ba sai wurin Sani, ta cafke gemun busasshiyar ciyawar da muka liƙa masa ta hau ci. Wuri ya kaure da dariya da tafi. Ta ɓular wani zane na hango Baba yana dariya har da riƙe ciki, na ce shi ke nan, na tsirar da ita. Ban gama murna ba sai ga shi ya zagayo da wani dillalin dabbobi ɗan Kongolam da ya zo kallon ɗansa. Mutumin ya shafa bayanta, ya buɗe bakinta, ya ce, "Malam, ai ba sai ka wahala zuwa Mai'adua ba." Ana raba kyaututtuka aka ɗaure ta a bayan babur.

Yanzu 'ya'yana a waya suke nuna mini wasan makarantarsu, cikin zaure mai fitilu, dabbobin duk na kwali ne, ba wadda za a taya. Nakan yaba musu, amma raina na can tsohon filinmu. Gero ya yi kyau a shekarar, na ci tuwonsa kamar kowa, sai dai har yau ban yafe wa tafin nan ba.