Sunan da Reza Ya Sa wa Mai Takobi

Reza mai aski mutum ne da duk baiwarsa ta taru a yatsu, aka bar kan ya nemi tasa. Tun yana yaro ya bar makaranta saboda, in ji shi, malamin ba ya sauri. Shagonsa ɗaki ɗaya ne: kujerar da ta daina juyawa hagu, madubi mai tsaga a gefe, bencin 'yan hira, sai talabijin da na'urar gem, wato wasan bidiyo. Aski yake kamar ana korarsa. In babu kai a kujera, gem ɗin dambe yake bugawa, kuma duk layin babu mai ja da shi.

Wata rana ƙanin matarsa ya kawo masa sabon gem na mutanen Japan, mai dodanni da matsafa. Kafin a fara, sai gem ɗin ya ce a raɗa wa mutanen ciki suna. Jarumin labarin, wani saurayi mai gashi tsaye kamar tsintsiya, Reza ya ba shi sunansa. Budurwa mai farar riga da ke warkar da masu rauni ya sa mata Amarya, sunan da yake kiran matarsa da shi har yau, ko da yake ɗansu ya fara tafiya. Sai ga wani zabgegen mai takobi, fuska a murtuke. 'Yan benci suka ce wallahi sak Dogo tela na shagon da ke kallonsu. Aka yi dariya, Reza ya rubuta Dogo.

Faɗan farko ya sage masa gwiwa. Ka zaɓi irin dukan da kake so, ka je ka sara sau ɗaya, ka dawo ka tsaya. Dodo ya zo ya mare ka cikin natsuwa, ya koma wurinsa.

"Wannan faɗa ne ko layin asibiti?" in ji Reza.

Yatsunsa suka rasa aikin yi. Ga Rezan cikin gem ɗan ƙauye ne mai takobin katako, ko magana ba ya yi. In an tambaye shi abu, ɗige-ɗige ne ke fitowa.

Da ya so ya watsar da abin, amma 'yan benci sun riga sun kamu. Mai kemis na kusurwa shi ke fassara Turancin, har da maƙale murya in mace ce ke magana.

"Amarya ta ce, Dogo ka ji ciwo? Matso in duba."

Benci ya ɗauki tari.

"Ta kuma ce, in ina kusa da kai ba na jin tsoro."

"Kusa da wa?" Reza ya tambaya.

"Da Dogo. Kai kana waje kana tsaron doki."

Reza ya bi lungu da saƙo na gem ɗin yana neman inda ake canja suna. Babu. Sai ya tuɓe wa Dogo sulke, ya tura shi gaban dodo daga shi sai 'yar shara. Dogo ya faɗi, Amarya ta durƙusa a kansa tana kuka, ta tashe shi. Mai kemis bai rage ko ɗigon hawaye ba wajen fassara.

Shi kuwa Dogon gaskiya, bawan Allah, awo a wuya, allura a baki, ko kunna gem bai iya ba. Ya dai ga maƙwabcinsa ya daina amsa gaisuwa sai da hanci. Da ya zo aski, ya tashi da layin goshi ya karkace kamar an ja shi a mota.

A gida Reza ya ce wa matarsa kada ta ƙara kai ɗinki wurin Dogo.

"Me ya yi?"

"Bai iya wuya ba."

"Wuyan rigar da ke jikinka fa, wa ya yi?"

Ƙaninta ne ya fasa mata ƙwan. Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofar shago, yadi a leda, yaro a baya. Ta gaida 'yan benci ɗaya bayan ɗaya, sannan ta dubi mijinta.

"Yallaɓai, wa ya rubuta sunayen nan?"

Reza ya shiga busa kilifar askinsa.

"Kai da hannunka ka haɗa ni da mutum a talabijin, ka dawo gida kana min fuskar shanu? Ni ko dokin ban gani ba."

Ta tsallaka titi ta miƙa wa Dogo yadinta.

Ranar Reza ya goge komai ya faro daga tushe. Wannan karon ya yi wayo: mai takobi ya zama Reza, ɗan ƙauye mai tsaron doki ya zama Dogo. Ya daure wa layin dodanni, yana sara yana jira, don dai ya ji mai kemis na cewa, "Reza ka ji ciwo? Matso in duba." Har ƙara sauti yake. Ya koma gaida tela da fara'a, irin gaisuwar mai tausayi.

Sai labari ya wuce inda suka tsaya a da. A bakin wata gada mai takobi ya juya ya sace wani lu'ulu'u mai daraja na garin, ya koma bayan sarkin dodanni. Ashe tun farko ɗan leƙen asiri ne. Amarya ta share hawaye, ta kama hannun mai tsaron doki.

Mai kemis ya yi gyaran murya. "In karanta?"

"Karanta."

"Ta ce, Dogo, Reza ya yaudare ni. Kai da ba ka magana, kai ne ba ka taɓa barina ba."

"Ai da ka jira, Yaya," in ji ƙanin matar a hankali. "Da kai ne."

Reza ya kashe talabijin, ya kaɗe tawul, ya kunna kilifa.

"Wa ke kan layi?"

Mutum huɗu ne a benci da suma har kunne, kowa ya ce shi hira ya zo.