Kunnen Saniyar Hayatu

Ɗanasabe mai akwati ya rasu bara a Gazawa. A wajen zaman makoki kowa yabonsa yake, har da waɗanda na san sun yi shekaru ba sa haɗa kwano da shi. Ni dai ba zan shafa masa mai don ya mutu ba. Na fi shekara arba'in da saninsa, kuma rabin shekarun nan zarginsa nake yi.

Iyayensa daga wajen Katsina suka hauro, manoma ne, ba su taɓa mallakar abin da ya wuce akuya ba. Ya yi aji huɗu a lakol, wato makarantar boko, ya gudo, ya yi dakon gyaɗa, ya kora amalanke, daga baya ya samu shiga buro, wato ofishin dabbobi na Agiye, shi ke riƙe shanu in za a yi musu allura. Gajere ne, mara magana, ƙasa yake kallo in ana gaisawa. Mu kuwa ba mu cika sakin jiki da wanda ba ya kallon idon mutum ba.

Ni fata nake saye a lokacin. Da aka yi fari a tamanin da huɗu, shekarar da aka rufe iyaka, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, kuma Allah ya gafarta mini, kasuwata ta buɗe. Ana haka sai ga wasu masu bincike daga jami'a, suka ce ba duka yunwa ke kashe shanun ba, akwai ciwon saifa a ciki, wanda ke kama duk wanda ya feɗe ko ya ci. Suka kwana uku suka koma Yamai. Suka bar wa Ɗanasabe farin akwatin ƙarfe, da kwalabe, da safar hannu, da jan danƙo da hatimi, da dokokin da suka sa ya haddace kamar karatun allo. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hancinta, ba a feɗe ta. Zai yanki kunne ɗaya ya sa a kwalba, ya liƙe, ya buga hatimi, ya rubuta lamba, sannan ya ƙone mushen ƙurmus. Kwalbar da aka liƙe kuwa ba mai buɗe ta sai a ɗakin bincikensu. A gaban jandarma ya sa hannu kan haka.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce gwamnati ce ke tara kunnuwa don ta san yawan shanun kowa. Wasu suka ce Turawa ke saye su haɗa magani. Mata a bakin rijiya suka ce tsafi ne, suka hana yara bi ta ƙofar gidansa. Ni nawa zargin na ɗan kasuwa ne: cewa na yi ƙashi kawai yake ƙonewa, fatun yana ɓoyewa ya kai Jibiya ta ɓarauniyar hanya. Sau biyu ina bin sawunsa cikin daji. Na ga wuta ta ci fata da idona, na shaƙi ƙaurin, amma na dawo ina cewa ya hango ni ne shi ya sa.

Akwai wani Bafulatani, Dikko, da ke zaune da matarsa Dija a arewacin gari. Fari ya share masa garke, saura saniya ɗaya mai farin goshi, ana ce mata Wule, ita ma ba tasa ba ce. Habbanaye ce, wato aron da Fulani ke ba ɗan'uwan da ya rasa, ya riƙe har ta haifa masa maruƙa sannan ya mayar. Mai ita, Hayatu, yana can wajen Sae Sabuwa. Dikko ya fi kula da saniyar nan bisa kansa. Yakan hau gawo ya saro mata ganye yana jiri don yunwa, shi ya sa duk yankin ita kaɗai ke da sauran tsoka.

Wata safiya ya tafi neman ganye, Wule ta yanke jiki ta faɗi, jini na bin hancinta. Kafin azahar labari ya kai wa Ɗanasabe. Ya zo da akwatinsa, Dija ta ga mutumin hukuma ta ja mayafi, ba ta gaya masa saniyar amana ce ba. Ya kama kunnen da ke sama ya yanke, ya liƙe a kwalba, ya zuba kananzir ya cinna wuta. Ɗan manoma ne, bai san abin da kowane yaron Fulani ya sani ba. Tsagar da ke kunnen nan ita ce shaidar gidan Hayatu, kuma in saniyar amana ta mutu a hannunka, kunnen kake kai wa mai ita ya gani da idonsa. Wanda ya je hannu rabbana, sayarwa ya yi.

Dikko ya dawo da la'asar ya tarar da toka. Ina zaune a tasha lokacin da ya iske Ɗanasabe yana jiran kamiyo, babbar motar da za ta ɗauki akwatin. Dattijon nan, da bai taɓa roƙon kowa ko goro ba, ya durƙusa a gaban mutane.

"Ɗanasabe, ba nama nika so ba, ba fata ba. Kunnen ɗai. In gwada ma mai ita, in maido maka."

"Kawu, an liƙe."

"Kai ka liƙe. Hannun da ya liƙe shi ka buɗewa."

Ɗanasabe ya rungume akwatin ya kalli ƙasa. Ya ce in ya buɗe, kunnen zai bi hannu hannu, a shafa shi, a juya shi, a nuna wa dattawa, kuma ciwon na nan a cikinsa. Mu da ke wurin muka ce ƙarya yake, tsoron rasa aikinsa ne kawai. Aka yi magiya, aka yi zagi. Kamiyo ya zo, ya miƙa akwatin, aka ba shi takarda ya sa a aljihu.

A shekarar nan mutane da yawa sun kora shanun amana kudu sun musanya da buhun dawa. Saboda haka da labari ya kai wa Hayatu cewa saniya mai ƙiba ta mutu farat ɗaya, ba kunne, ba fata, ba ƙaho, sai ya yi murmushi kawai. Aka ce Dikko da mai akwati sun haɗa baki sun raba. Ni ma na sa nawa bakin a kasuwa, na ce ai biri ya yi kama da mutum. Ina jin kunyar wannan har yau.

Ɗanasabe ya bi kamiyo, ya ƙarasa da ƙafa har rugar Hayatu, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Hayatu ya ce ba ya rantsar da baƙo, kunne yake so. Bayan wata biyar takarda ta zo daga Yamai, ta ce lamba goma sha bakwai, wato kwalbar kunnen Wule, saifa ce. Ɗanasabe ya sake komawa da ita, malamin lakol ya karanta a gaban dattawa. Hayatu ya saurara har ƙarshe, ya ce shi saniyarsa sunanta Wule, bai san wata goma sha bakwai ba.

Daga nan Ɗanasabe ya canza yadda yake aikin ba tare da ya tambayi kowa ba. Ba ya taɓa mushe sai ya tara dattawa biyu sun tsaya daga nesa sun ga tsagar kunne sun ambaci mai ita, ko da zai yini yana korar angulu. Haka ya yi har ya bar aiki. Wannan ne ya fara sassauta mini zuciya, ko da yake ban gaya masa ba.

Ruwa ya dawo. Fulani suka tada garkunansu kamar yadda suka saba, wannan ya ara wa wancan karsana. Dikko ya zagaya dangi, kowa ya ba shi nono ya sha, ba wanda ya ba shi igiyar ko da karsana ɗaya. Ya shigo Gazawa ya zama ɗan ga-ruwa, kuma gidan Ɗanasabe na cikin gidajen da yake kai wa.

Wata rana ina zauren Ɗanasabe ana hira, Dikko ya juye ruwa a randa ya fito, ya tsaya yana gyara sandar a kafaɗarsa. Ya tsufa ƙwarai a lokacin.

"Ɗanasabe, in tambaye ka don Allah. Da ka buɗe kwalbar nan ran nan, da wani ya mutu?"

Na ɗauka zai ce i, don shi ne abin da zai wanke shi, kuma shi ne abin da zai sanyaya wa tsohon rai. Ɗanasabe ya kalli ƙasa.

"Ban sani ba, Kawu."

Dikko ya gyaɗa kai, ya saɓi garwayensa ya fita, akwai sauran gidaje uku da ke jiran ruwa.