Shekara Uku Bayan Kawu Ɗanlami, Har Yau Ana Gardamar Wasansa

Shekara uku ke nan da muka raka Kawu Ɗanlami makwancinsa, amma har yau in kana so ka raba aminai a garinmu, ba sai ka kawo zancen iyakar gona ba. Ka dai tambaya: wasan nan na Ɗanlami, na dariya ne ko na kuka? Kafin ka rufe baki majalisa ta dare biyu, mai shayi ya bar ruwansa yana ƙonewa ya shigo cikin musu. Ni da na fito a wasan, ni ma ban sani ba. Shi ya sa na rubuto wa jarida, ko cikin masu karatu a sami wanda ya fi mu kai. Malaminmu na Hausa ya ce in rage gishiri a labarin. Na rage. Wanda ya saura na dole ne.

Kawu wan mahaifiyata ne, manomi, yana kuma taɓa gyaran keke. Da ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyenmu aka dawo da mu sabon matsuguni, maza suka kama koyon su, wato kamun kifi, da noman rani. Shi kuwa sai ya riƙa zuwa bakin ruwa yana tsayawa, yana kallon saitin inda gonarsa take, kamar mai jiran ta ɗago kai ta gaishe shi. A lokacin ya haura arba'in. Ran nan ya tafi Kano, ya dawo da baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa, irin wanda akuya da 'ya'yanta za su iya fakewa a ciki in hadari ya taso. Ya rine furfurar gemunsa, in rana ta yi zafi rinin ya riƙa gangarowa kan riga. Mahaifiyata ta ce sammu ne. Liman ya ce a ƙyale shi, zai wuce kamar mura. Matarsa, Inna Hajara, ita dai rigar kawai take wankewa.

Bai wuce kamar mura ba. Sai ma ya ce ya shirya wasan kwaikwayo. Ba hannun hukuma, ba na gidan rediyo, daga shi sai ni sai Mamman mai kalangu. Labarin wani magidanci ne da ya wayi gari ya ga furfura, ya ga gona ta tafi, sai ya tuna bai taɓa zuwa zance wurin matarsa ba. Iyaye suka haɗa su, suka zauna lafiya, amma ko sunanta bai taɓa kamawa ba, balle ya tambaye ta abin da ke ranta. Sai ya yi shigar samari, ya sayi goro da turare, ya je ƙofar gidansa ya yi sallama da matarsa. Bayan ya faɗo daga keke, kare ya bi shi, 'ya'yansa sun ɗauka baƙo ne, a ƙarshe zai durƙusa ya ce mata, "Da yau aka fara, za ki zaɓe ni?"

Babu macen da za ta yarda ta fito, ni kuma muryata ba ta buɗe ba tukuna, don haka ni ne matar. Na je aron zani da kallabi wurin Inna Hajara, na ce na wasan makaranta ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka dawo mini da su a wanke."

Matsalar ita ce wasan ba shi da ƙarshe. Na ce, "Kawu, in ka yi tambayar, me zan ce?"

Ya ce, "Kai da kake wuni a gindin murhunta kana cinye mata ƙanzo, me kake gani za ta ce?"

"Wa?"

"Matar cikin wasa mana, ja'iri!"

Ko a lokacin na lura kunnensa ya yi wani iri. Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ganina an ba ni dama in yi yadda na ga dama, kuma na yi.

Muka kama yawo da wasan gari-gari. A Bebeji da ya yi tambayar na ce e, ina rufe fuska da gefen kallabi. Amma ba wanda ya ji. Tun daga fitowar wandon ake dariya. Wani tsoho ya faɗo daga benci, aka ɗaga shi, ya sake faɗowa da kansa don ya ce a ƙasa ya fi jin daɗin yi. Suka sa Kawu ya maimaita faɗuwa daga keke har gwiwarsa ta goge. Na zaci mun yi nasara, amma a hanya sai ya ce, "Ba su ji tambayar ba, Sabo."

A Kiru na ce a'a, na murguɗa baki. Mata daga bayan zana suka rangaɗa guɗa, maza kuwa tsit, kamar an yi mutuwa. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to ranar na ga hannuwa sun koma gemu. Da aka tashi wani attajiri ya tare Kawu yana huci, ya ce, "Wa ya gaya maka ina rina nawa?" Wallahi ba wanda ya sani a garin sai da ya faɗa da bakinsa.

A Tudun Wada ranar kasuwa ce. Na ce sai na yi shawara. Ai kuwa 'yan kallo suka ɗauka da su zan yi. Masu hatsi suka ce ta yarda, masu awaki suka ce kada ta kuskura. Wata tsohuwa mai daddawa ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, namiji in ya fara turare da tsufa, ki bincika, akwai wata." Na ce na gode, Iya. Wani saurayi kuma ya aiko mini da goro yana tambayar gidan ubana. Goron dai na karɓa.

A Doguwa ne kaina ya fara ɗaurewa. Yawancin masu kallo makiyaya ne da suka sauko da nono da shanu. Suka tsaya jingine da sanduna, ba wanda ya yi ko murmushi, har Mamman ya riƙa duba kalangunsa ko ya fashe. Da lokacin amsa ya zo, shirun nasu ya tsorata ni, ban ce komai ba. Wani dattijo a cikinsu ya matso, bai ko kalle ni ba, ya kama hannun Kawu ya ce, "Bawan Allah, wannan ba ciwon da ake yawo da shi kasuwa-kasuwa ba ne. Ka koma gida." Ya sa aka ba mu nono. Muka hau motar 'yan kasuwa muka dawo gida.

Bayan kwana kaɗan ya ce a gida za a yi. Aka taru a filin makaranta bayan la'asar, maza gefe, mata gefe. Can baya na hango Inna Hajara. Na ce yau zan nuna mata gwaninta. Na zauna a tabarma ina karairaya, ina fari da ido, Kawu ya faɗo daga keke, an yi dariya, saura tambaya kawai. Sai na ga mata suna darewa. Inna Hajara ce ta taso, ta keta har tsakiyar fili, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Tashi, Sabo. Ba haka nake zama ba. Ka kunyata ni a gari huɗu, ya isa."

Na tashi, zani na warwarewa. Ta zauna a tabarmar, ta ɗan juya gefe, ta gyara mayafi. Kalangu ya yi shiru. Ta ce, "To, ina ji."

Mutumin da ya haddace maganar nan har yana faɗinta cikin barci, sai ga shi tsaye baki buɗe. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Ya durƙusa. Gari duka ya miƙa wuya.

Ya ce, "Ina wuni?"

Ta ce, "Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutanen gida?"

"Kai za a tambaya."

Haka suka yi ta yi. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi awaki, ya tambayi ciwon ƙafar uwarta, ina jin har kaji sai da aka gaisa a kansu. Ita kuma tana amsawa a hankali, kanta a sunkuye. Samari suka fara dariya, suka ga tsofaffin mata na share hawaye, suka haɗiye. Wani ya tafa, ba wanda ya taya shi. Liman ya yi gyaran murya, daga baya ya ce shi kansa bai san ko faɗa zai yi ko addu'a ba. Ana cikin haka ladan ya kira magariba, kowa ya kama gabansa. Tambayar dai ba a yi ta ba.

Daga ranar Kawu bai sake wasan ba. Ya sayi komar kamun kifi ya bi masunta, ya koyi sana'ar da a da yake cewa ta fi ƙarfinsa. Ko ya sami abin da yake nema, ko haƙura ya yi, ban iya karantawa a fuskarsa ba. Da damina ta zagayo zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana kaɗan Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samarinmu suna zuwa Kano kallon silima, su dawo suna waƙa da harshen da ba sa ji, ɗaya ya ce wa 'yan mata uku yana son su a kasuwa guda, kuma ko tari ba zai yi ba. Maganar da ta gagari Kawu fiye da shekara ashirin, su a bakinsu ta fi gyaɗa araha. Zai yi musu hassada ne ko tausayi? Mamman ya ce wasan ya lalace ne kawai, mai wasa ya manta maganarsa. Mahaifiyata ta ce shi ne abu ɗaya na hankali da wanta ya yi tun tasowarmu. Mutanen Bebeji har yanzu in sun gan ni sai su tambayi wandon. Tsakanin miji da mata sai Allah, haka manya suke rufe zancen in sun gaji, amma ni wannan ba ta ishe ni ba.

Makon jiya na sami Inna Hajara tana gyaran kifi, na tsuguna kusa da ita. Na ce, "Inna, da ya yi tambayar, me za ki ce?"

Ta ce, "Ai bai yi ba."

"Da ya yi fa?"

Ta ci gaba da kankare kifinta. Can ta ce, "Kai dai ba ka da wayo, sai surutu. Mace tana keta taron maza ta zauna a tsakiyar fili don ta ce a'a? Da a'a ce, daga inda nake zan aiko masa."

Na ji daɗi har na miƙe. Sai kuma na dawo na ce, "To shi ya gane?"

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta ce, "Wannan ita ce wadda ni ban tambaya ba."

Kawu bai bar gona ba, tana ƙarƙashin ruwa. Bai bar wasan a rubuce ba, a kansa yake. Abin da ya bari shi ne gari huɗu da ba su yarda da juna kan abin da suka gani ba, da mace ɗaya da ta ba da amsa a gaban jama'a, ba ta kuma san ko an ji ba. Na shigo rubutun nan da niyyar ba ku dariya, ga shi na ƙare ban san inda zan sa fuskata ba. Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya sa ya gane tun a tabarmar.