Abarshi Mai Awon Ruwa da Carbi

A gidan ƙanƙarar Alhaji Maikuɗi da ke Konni akwai wata hasumiyar ƙarfe a bayan injuna. Ruwan da ya ɗauki zafin inji can ake tura shi sama, kawunan feshi goma sha biyu su watso shi kamar yayyafi, iska ta huce shi, ya koma aiki. Shekara goma sha tara Abarshi yana kula da ita. Ɗan Badagishiri ne, ban ruwan albasa ya tashi da shi, bai taɓa zama lakwal, makarantar boko, ba. Ga taurin kai, amma wallahi ina son mutumin nan.

Azumin bara ya faɗo cikin zafi, sai ƙanƙara ta ƙi daskarewa. Alhaji ya kira wani matashi, Shamsuddin, mai takardar aikin injuna daga Yamai. Ya leƙa hasumiya, ya ga feshi ya yi laushi, ya ce pampo ne ya gaji, ƙarfin ruwa ya faɗi. Agogon awon ƙarfin kuwa ya daɗe da mutuwa.

"Pampo lahiya tai lau," in ji Abarshi.

Ran Alhaji ya ɓaci. "Abarshi, in Juma'a ta yi babu ƙanƙara, ka aje makulli. Yaron ga shi kama aikin."

Abarshi ya ɗauko bokiti da carbinsa, ya hau. Haka yake awo tun fil azal: ya tara bokiti ƙarƙashin kan feshi, yana jan carbi har ya cika. Lafiyayyen kai, ja talatin da uku ne, zagayen carbinsa guda. Ran nan uku suka cika a kan ƙa'ida, sauran tara sai da ya kusa zagaye carbi sau biyu.

"Ɗana, taho ka gani," ya ce wa Shamsuddin. "In pampo na, ai duka za su yi sanyi tare. Mi ya hana ukun ga? Ƙarhin yana nan, a bakin kai yaka ɓacewa."

Suka kwance ɗaya. Farar ƙasar da ke cikin ruwan yankin ta toshe ramin, ko tsinken sakace ba ya shiga da daɗi. Shamsuddin ya ce akwai maganin wankewa, amma sai an aiko daga Yamai, kwana biyar. Juma'a kuwa jibi.

Abarshi ya hau kekensa sai gida. Ya kwashe tsamiyar da matarsa Bara'atu ta tanada don kunun azumi, kaf, tana bin sa har ƙofa tana faɗa. Ya jiƙa ta da kauri, ya tsoma kawunan ciki. Washegari ɓawon ya yi laushi, suka goge, suka ɗaura. Shamsuddin da kansa ya riƙe bokiti, ya jiƙe sharkaf yana dariya.

Ranar Juma'a da la'asar masu kura suka yi layi, ƙanƙara ta fito. Alhaji ya yi ta gyaran murya, ƙarshe ya ɗora wa Abarshi sandar ƙanƙara guda a keke.

Bara'atu na tsakar gida, fuska a ɗaure. Sai a lokacin maƙwabta suka gaya mata abin da Alhaji ya faɗa.

"Malam, aikin hwa?"

"Yana nan."

Ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da mayafi. Da ta ɗago, ido jajir, ta ce, "To, yau ruwan sanyi za ka sha. Kunu babu."